Yadda ake sa manhajar kwamfuta ta riƙa buɗewa a cikakken allo kamar yadda aka bar ta

Akwai ƙorafin da masu aiki da kwamfuta ke yawan yi. Mutum ya buɗe manhaja, ya danna F11 ta cika allo, ya yi aikinsa na awa uku ya rufe, washegari ya sake buɗewa sai ga ta ta dawo 'yar ƙaramar taga a tsakiyar allo, kamar ba ita ce ta jiya ba. Wani kuma nasa akasin haka ne, domin sau ɗaya ya kalli bidiyo a cikakken allo, amma tun daga ranar manhajar ba ta sake buɗewa ba sai ta mamaye komai. Matsalar ɗaya ce, kuma kafin a taɓa kowane saiti ya kamata a san wa ke riƙe da wannan tunawa. A Windows da galibin nau'o'in Linux, babbar manhajar kwamfuta ba ta ɗaukar wa kowa nauyin tuna girman tagarsa, kowace manhaja ce ke rubuta wa kanta, yawanci a daidai lokacin da ake rufe ta. A macOS kuwa babbar manhajar ce ke taimakawa, kuma akwai makunni guda da ke iya kashe abin gaba ɗaya. Wanda ya san wannan ba zai ɓata lokaci yana neman gyara a inda babu shi ba.

Faɗaɗa taga daban, cika allo daban

Abu na farko shi ne ka tabbatar da abin da kake so, domin mutane da yawa suna cewa cikakken allo alhali faɗaɗa taga suke nufi. Idan ka danna ƙaramin murabba'in da ke kusurwar sama ta dama a Windows, ko ka haɗa maɓallin Windows da kibiyar sama, tagar za ta faɗaɗa ta cika wurin aiki, amma goshinta mai ɗauke da suna da maɓallin rufewa yana nan, haka ma sandar manhajoji ta ƙasa mai agogo. Cika allo kuwa shi ne abin da F11 ke yi a burauza: goshin ya ɓace, sandar ƙasa ta ɓace, babu abin da ya rage sai abin da kake kallo.

Wannan bambanci shi ne tushen matsalar a Windows. Hanyar da Windows ta tanadar wa masu haɗa manhaja don su tambayi halin da taga ke ciki, wadda ake kira GetWindowPlacement, yanayi uku ta sani: taga tana girmanta na yau da kullum, ko an faɗaɗa ta, ko an sauke ta ƙasa. Babu na huɗu mai suna cikakken allo. Abin da manhaja ke yi idan ka danna F11 shi ne ta cire wa kanta goshi da gefuna, sannan ta shimfiɗa kanta daidai da girman allon. A ganin Windows, taga ce kawai mai girma. Saboda haka manhajar da ta dogara da waccan hanya za ta tuna cewa an faɗaɗa ta ba tare da wahala ba, amma ba za ta tuna cikakken allo ba sai idan wanda ya haɗa ta ya zauna ya rubuta hakan da gangan. Da yawansu ba su rubuta ba, wasu kuma sun ƙi ne da saninsu, don gudun kada manhaja ta buɗe wa wanda bai san F11 ba ya rasa ta inda zai fita.

A ganina, mafi yawan masu rubutu da lissafi faɗaɗawa ta ishe su, kuma ita ce ta fi sauƙin tabbatarwa. Cikakken allo ya fi dacewa da mai kallon bidiyo, da mai wasa, da mai gabatar da darasi ta majigi, da kuma allon da aka kafe a bango don nuna sanarwa.

Gwajin da ya kamata a fara yi

Kafin ka shiga saiti, ka gwada ko manhajar tana da tunawa tun asali. Ka rufe duk tagoginta ka bar guda ɗaya, ka sa wannan ɗayar a yanayin da kake so, sannan ka fita ta hanyar da manhajar ta tanada, wato Exit ko Quit a cikin jerin File, ko kuma Alt da F4. Ka ɗan jira, sai ka sake buɗewa.

Dalilin barin taga ɗaya shi ne, manhajoji da yawa halin tagar da aka rufe a ƙarshe suke rubutawa. Idan babbar tagarka tana cike da allo amma akwai wata ƙarama da ta ɓuya a baya, kuma ita ce ta ƙarshen rufewa, to girmanta ne za a tarar gobe. Dalilin fita ta hanyar da ta dace kuma shi ne, rubutun yana faruwa ne a lokacin bankwana. Manhajar da aka kashe ta ƙarfi daga Task Manager, ko wadda ta faɗi da kanta, ko wadda wuta ta ɗauke mata, ba ta samu damar rubuta komai ba, don haka abin da ta rubuta tun tuni shi za ta ɗauko. Akwai kuma manhajojin da idan ka danna alamar rufewa ba sa mutuwa, sai su koma su laɓe kusa da agogo suna ci gaba da aiki, irin su manhajojin hira da na saukar da fayil. Waɗannan sai ka danna dama a kan ƙaramar alamarsu ka zaɓi fita, sannan ne gwajin zai zama na gaskiya.

Idan bayan wannan ta buɗe yadda ka bar ta, shi ke nan, matsalar tana ga yadda kake rufewa ne. Idan ba ta tuna ba, sai a koma ga saitin manhajar kanta.

Abin da manhajar ta tanada

Nan ne ya kamata a fi daɗewa ana nema, domin saitin da ke cikin manhaja ya fi duk wata dabara ta waje ɗorewa.

Visual Studio Code, wanda masu haɗa manhaja ke rubutu da shi, misali ne mai kyau, saboda yana nuna cewa mantuwar zaɓi ce aka yi, ba kuskure ba. Yana da saiti mai suna window.restoreFullscreen, kuma a kashe yake zuwa. Ka buɗe Settings da Ctrl da waƙafi, ka rubuta sunan a wurin bincike, ka sa masa alama. Daga nan duk tagar da ka rufe tana cikakken allo haka za ta dawo. Akwai wani daban, window.newWindowDimensions, wanda ya shafi sababbin tagogi: idan ka ba shi fullscreen kowace sabuwar taga za ta buɗe a cikakken allo, idan ka ba shi maximized za ta faɗaɗa, idan kuma inherit ne sai ta ɗauki girman tagar da ka yi aiki da ita a ƙarshe. Ka lura da bambancin, domin zai sake fitowa a ko'ina: na farkon tunawa ne, na biyun tilastawa ce.

Windows Terminal, manhajar rubuta wa kwamfuta umarni, tilastawa ya tanada. A sashen Startup na saitinsa akwai Launch mode, wanda a cikin fayil ɗin settings.json ake rubuta shi launchMode, kuma yana karɓar maximized ko fullscreen. A VLC sai ka danna Ctrl da P, ka shiga Video, ka sa alama a Fullscreen, ka adana. Abin da wannan ke yi shi ne duk bidiyon da aka kunna zai fara a cikakken allo, amma tagar VLC ɗin kanta, idan babu bidiyo, tana nan yadda take. Mai amfani da mpv, wata manhajar kallon bidiyo, layi ɗaya zai ƙara a fayil ɗin mpv.conf:

fullscreen=yes

Burauza kuwa ta fi taurin kai. Chrome yana rubuta wurin tagarsa da ko an faɗaɗa ta a cikin fayil mai suna Preferences a foldar bayanan mai amfani, amma a Windows ba ya dawo da yanayin F11 idan aka sake buɗe shi. Maganin shi ne a gaya masa tun daga bakin ƙofa, kuma ga yadda ake yi.

Gajeriyar hanya a Windows

Ka danna dama a kan alamar manhajar da ke kan tebur, ka zaɓi Properties, ka tsaya a shafin Shortcut. Abubuwa biyu ne suka shafe mu a nan. Na farko shi ne Run, wanda ke da zaɓi uku, Normal window da Minimized da Maximized. Idan faɗaɗawa kake so, ka zaɓi Maximized ka danna OK. Ka sani dai roƙo ne Windows ke miƙa wa manhajar, ba umarni ba. Yawancin manhajoji suna amsawa, wasu kuma suna yin biris da shi su bi abin da suka rubuta wa kansu.

Na biyu shi ne Target, inda aka rubuta adireshin fayil ɗin manhajar. Don Chrome ko Edge, ka je ƙarshen layin, bayan alamar zance ta rufewa, ka bar tazara ɗaya, ka ƙara wannan:

--start-fullscreen

Tazarar nan ita ce ke kayar da mutane. Idan ka manne rubutun da alamar zance, ko ka sa shi a cikinta, Windows zai ce adireshin ba daidai ba ne ya ƙi adanawa. Akwai kuma --start-maximized ga mai son faɗaɗawa kawai, da --kiosk ga allon sanarwa ko kwamfutar da jama'a ke amfani da ita. Kada ka sa --kiosk a kwamfutar aikinka don gwaji ba tare da ka san mafita ba, domin a wannan yanayi F11 ba ya aiki, sai Alt da F4. Firefox ma yana karɓar --kiosk tun daga siga ta 71, wadda ta fito a Disamban 2019.

Akwai tarko uku a wannan hanya. Na ɗaya, umarnin yana aiki ne kawai idan burauzar ba ta riga tana gudana ba. Idan akwai wata tagarta a buɗe, ko tana aiki a ɓoye, sabuwar tagar za ta shiga cikin tsohon zaman ne ta yi watsi da abin da ka rubuta. A Chrome ka shiga sashen System na saiti ka kashe zaɓin ci gaba da gudanar da manhajoji a bayan fage bayan an rufe, a Edge kuma ka duba har da Startup boost. Na biyu, alamar da aka maƙala a sandar ƙasa kwafi ce daban, gyaran ta kan tebur bai shafe ta ba. Sai ka danna dama a kanta, ka sake danna dama a kan sunan manhajar a jerin da ya fito, sannan ka ga nata Properties. Na uku, idan ka buɗe manhaja ta hanyar danna wani fayil sau biyu, ko ta hanyar latsa adireshi daga cikin wasiƙa, ba a bi ta gajeriyar hanyarka ba sam, don haka ba za ka ga tasirinta ba.

Wanda yake son manhaja ta tashi tare da kwamfuta a wannan yanayi sai ya danna Windows da R, ya rubuta shell:startup, ya ajiye gajeriyar hanyar da ya gyara a foldar da ta buɗe. Manhajojin Microsoft Store da dama kuma suna shiga cikakken allo da Windows da Shift da Enter.

A macOS makunni ɗaya ne

Apple ya shigo da cikakken allo na tsari a Mac OS X Lion a shekarar 2011, tare da wata dabara mai suna Resume, wadda ke sa manhaja ta dawo da tagoginta yadda aka bar su. Tun daga Yosemite a 2014, koren maɓallin da ke kusurwar hagu ta sama cikakken allo yake kaiwa, sai an riƙe Option ne yake faɗaɗa taga kawai. Da madannai kuwa, Control da Command da F ne. A nan cikakken allo yanayi ne da babbar manhajar ta sani da sunansa, har tana ware wa tagar nata filin daban wanda ake gani a Mission Control, wurin da Mac ke jera duk tagogin da ke buɗe, shi ya sa tunawa da shi ba ta da wahala.

Ka buɗe System Settings, ka shiga Desktop & Dock, ka nemi Close windows when quitting an application. A sigogin da suka gabaci Ventura ta 2022, makamancin wannan zaɓi yana cikin General a System Preferences. Muddin yana kunne, manhaja za ta rufe tagoginta kafin ta fita, kuma tagar da aka rufe babu abin da za a tuna game da ita. Ka kashe shi, ka sa manhajar a cikakken allo, ka fita da Command da Q.

Kuskuren da waɗanda suka saba da Windows ke yi shi ne danna jan maɓalli. A Mac jan maɓalli taga yake rufewa, manhajar tana nan da rai, don haka idan daga baya ka fita, ta fita ne ba ta da taga ko ɗaya. Ka bar tagar a buɗe, ka fita da Command da Q kai tsaye. Idan ba ka son canza saitin ga kowa da kowa, ka haɗa da Option lokacin fita, wato Option da Command da Q, wanda ke juya ɗabi'ar sau ɗaya: idan saitin na rufe tagogi ne sai ya ajiye su, idan na ajiyewa ne sai ya rufe su. Mai son manhaja ɗaya tak ta riƙa tunawa kullum zai iya rubuta wannan a Terminal, manhajar rubuta umarni, ga misali da Preview, manhajar buɗe hotuna da PDF:

defaults write com.apple.Preview NSQuitAlwaysKeepsWindows -bool true

Idan kuma manhaja ta nace da buɗewa a cikakken allo kana son ta manta, ka riƙe Shift lokacin da kake buɗe ta, sai ta tashi ba tare da tsofaffin tagoginta ba. Sai dai duk wannan ya fi aiki ga manhajojin da aka gina da kayan Apple na asali. Waɗanda aka gina don su yi aiki a ko'ina sukan riƙe nasu lissafin, kuma a kansu sai an koma ga saitinsu.

Linux: ya danganta da mai kula da tagogi

Idan KDE Plasma, ɗaya daga tsare-tsaren tebur na Linux, kake amfani da shi, ka huta, domin shi ne ya tanadi amsa mafi tsafta da na sani ga wannan tambaya. Ka buɗe manhajar, ka danna Alt da F3, ka shiga More Actions, ka zaɓi Configure Special Application Settings. Ka danna Add Property ka ƙara Fullscreen. A gefensa akwai jerin zaɓi, kuma uku ne ke da muhimmanci. Apply initially yana buɗe tagar a cikakken allo kullum amma ya bar ka ka fita idan ka so. Force yana hana fita gaba ɗaya, wanda ya dace da allon sanarwa kawai. Remember kuwa shi ne ainihin abin da ake nema, domin KWin, mai kula da tagogin Plasma, zai lura da halin da ka bar tagar ya mayar da ita haka, ko da manhajar kanta ba ta san ana yi ba. Duk dokokin da ka kafa suna taruwa a System Settings, cikin Window Management, ƙarƙashin Window Rules, inda za ka iya gogewa.

GNOME, wani tsarin tebur ɗin, ba shi da irin wannan, ya bar wa kowace manhaja. Abin da za ka iya yi shi ne ka kwafi fayil ɗin manhajar mai ƙarewa da .desktop daga /usr/share/applications zuwa ~/.local/share/applications, ka gyara layin Exec ka ƙara umarnin da manhajar ke karɓa, kamar --full-screen ga GNOME Terminal ko --start-fullscreen ga Chrome. Kada ka gyara na asalin, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaranka. A saitin madannai na GNOME akwai kuma Toggle fullscreen mode wanda ba a ba shi maɓalli ba, idan ka ba shi za ka iya cika allo da manhajojin da ba su san F11 ba.

Tsofaffin shawarwari da ake samu kan wmctrl da Devilspie2, ƙananan manhajojin juya tagogi, suna aiki ne kawai a X11, tsohon tsarin nuna tagogi na Linux. Ubuntu ya koma Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, tun siga ta 21.04, Plasma 6 ma da ya fito a 2024 Wayland ne zaɓinsa na farko, kuma a Wayland wata manhaja ba ta da ikon juya tagar wata. Kafin ka ɓata dare kana mamakin dalilin da umarni ya ƙi aiki, ka rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a Terminal ka ga ko a X11 kake ko a Wayland. Masu Sway da i3, wasu masu kula da tagogi, kuwa layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti, wato dokar for_window mai ɗauke da sunan manhajar, a bi ta da fullscreen enable.

Wasanni, da saitin da ya ƙi zama

Wasanni suna da saitin allo a cikinsu, kuma yawanci Alt da Enter na sauyawa tsakanin taga da cikakken allo, sai dai sauyin da aka yi da madannai ba kowane wasa ke adana shi ba. Ka yi shi daga jerin saitin wasan ka danna Apply. Wasannin da aka gina da Unreal Engine suna ajiye zaɓin a fayil ɗin GameUserSettings.ini, a layin FullscreenMode, inda 0 ke nufin cikakken allo na kaɗaici, 1 taga marar gefe mai cika allo, 2 kuma taga ta yau da kullum. Na Unity suna karɓar -screen-fullscreen 1 a matsayin umarnin farawa, wanda a Steam, manhajar saye da kunna wasanni, ake rubutawa a Launch Options.

Idan ka saita, ka adana, amma kullum sai ya koma yadda yake, to manhajar ba ta iya rubutu a fayil ɗinta ne. Ka nemo fayil ɗin ka duba ko an sa masa alamar Read-only. Ka duba Controlled folder access a Windows Security, wanda idan yana kunne yana hana manhajojin da bai yarda da su ba rubutu a foldar Documents, inda wasanni da yawa ke ajiya. Ka tuna kuma ko kana da manhajar share tarkace da ke goge saiti tare da shara. Wani lokaci fayil ɗin ne ya lalace: a Firefox, alal misali, girman taga da wurinta suna cikin xulstore.json a foldar bayanan mai amfani, kuma idan ka rufe burauzar ka canza wa fayil ɗin suna, za ta ƙirƙiri sabo mai lafiya.

Idan tunawar ta zama matsala

Na taɓa rufe wata manhajar gabatar da darasi tana cikakken allo a kan majigi, na cire waya na naɗe. Da na buɗe ta a laftof daga baya, alamarta ta fito a sandar ƙasa da ɗan layinta mai nuna tana aiki, na danna, na sake dannawa, allo bai nuna komai ba. Tagar tana can a allon da babu shi, tana cike da shi kamar yadda aka umarce ta. Maganin irin wannan a Windows shi ne ka zaɓi manhajar da Alt da Tab, sannan ka danna Windows da Shift da kibiyar hagu ko ta dama, wanda ke tsallako da taga daga allo zuwa allo. Idan bai yi ba, ka danna F11 ko Esc don ta fita daga cikakken allo, ka danna Alt da maɓallin tazara, sai M, ka taɓa kowace kibiya sau ɗaya, ka motsa linzami, tagar za ta biyo shi. Windows 11 ya rage wannan wahala da zaɓin Remember window locations based on monitor connection, wanda ke cikin Display a ƙarƙashin Multiple displays, kuma yana da kyau mai yawan cire allo na biyu ya bar shi a kunne.

Ga mai haɗa manhaja

Idan kai ne ke rubuta manhajar, abubuwa uku za ka adana daban-daban: girman taga da wurinta na yau da kullum, ko an faɗaɗa ta, da ko tana cikakken allo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi faɗi da tsawo a lokacin rufewa a adana su kawai. Idan tagar tana cikakken allo a lokacin, girman allon ne aka adana, gobe kuma sai ta buɗe a matsayin taga ta yau da kullum mai girman allo, goshinta ya haura sama ko gindinta ya shige ƙarƙashin sandar ƙasa, kuma idan mai amfani ya fita daga cikakken allo babu ƙaramin girman da zai koma. Kowane kayan aiki yana da hanyar ba ka girman asali: rcNormalPosition a Win32, RestoreBounds a WPF, getNormalBounds a Electron. Qt ya sauƙaƙa, domin saveGeometry da restoreGeometry suna ɗauke da duka ukun, sai dai ka ajiye sakamakon a QSettings cikin closeEvent. A GTK 4 kuwa kai ne za ka ɗaure default-width da default-height da maximized da fullscreened ga GSettings. A Cocoa, setFrameAutosaveName girma da wuri kawai yake riƙewa, cikakken allo sai ta tsarin dawo da tagogi na macOS.

Wajen buɗewa, tsari yana da muhimmanci. Ka ƙirƙiri tagar a ɓoye, ka ba ta girmanta na asali, ka tabbatar wurin da aka adana yana cikin ɗaya daga allunan da ke haɗe a yanzu, idan ba ya ciki ka dawo da ita babban allo, sannan ka faɗaɗa ko ka cika allo, ka nuna ta a ƙarshe. Idan ka nuna ta da wuri, mai amfani zai ga ƙaramar taga ta yi tsalle ta girma a kowace buɗewa. Kada ka taɓa dawo da taga a sauke, kuma kada ka adana wurinta a wannan hali, domin Windows yana ajiye tagar da aka sauke a -32000 ta kowane gefe, manhajar da ta adana wannan lamba kuwa ba za a sake ganin ta a allo ba sai an goge saitinta. A Wayland ba ka da ikon zaɓar wurin taga, don haka girma da yanayi kaɗai za ka iya dawo da su. A macOS shiga cikakken allo yana ɗaukar ɗan lokaci saboda motsin da ake nunawa, shi ya sa a Electron ya fi kyau ka saurari enter-full-screen da leave-full-screen maimakon ka tambaya nan take bayan ka ba da umarni.

Kada ka jira sai lokacin rufewa kafin ka rubuta. Ka adana duk lokacin da yanayin ya sauya, bayan ɗan jinkiri don kada jan gefen taga ya haifar da rubutu ɗari, kuma ka rubuta a fayil na wucin gadi sannan ka sauya masa suna zuwa na gaske, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta bar rabin fayil ba. Game da cikakken allo kuwa, na fi ganin hikimar yadda Visual Studio Code ya yi: a dawo da faɗaɗawa kullum ba tare da tambaya ba, a sa dawo da cikakken allo ya zama zaɓi a saiti. Idan manhajar ta buɗe a cikakken allo, ta nuna ɗan saƙo na 'yan daƙiƙoƙi a saman allo mai gaya wa mutum maɓallin fita, kuma ta karɓi F11 da Esc duka biyun.